Ba Kai Ka Canza Lambar Ba, Malam

Na Allah muke, kuma gare Shi kowa ya nufa, da mai sauri da mai jan ƙafa.

Ranar Talata, goma sha ɗaya ga watan Maris, da misalin ƙarfe huɗu da rabi na yamma, Allah ya karɓi ran malamina, tsohon likitan tiyata wanda ɗalibai suka fi sani da Malam Mai Ƙwai. Ya rasu a gidansa, a kujerarsa ta bakin taga, yana da shekara saba'in da ɗaya. Ya bar matarsa, Hajiya, da 'ya'ya huɗu da jikoki tara. Takardar asibiti ta ce zuciya ce. Ba ni da ja da takardar. Wanda ya cike ta bai yi ƙarya ba, iyaka dai babu gurbin da aka ware don rubuta abin da ya taɓa zuciyar.

Autarka ce ta kira ni, Malam. Ban gama ajiye wayar ba sai ga sanarwa daga ofishin Farfesa, shugaban sashenmu, tana cewa an yi babban rashi, bango ya faɗi. Na karanta ta sau biyu. An rubuta ta da kyau ƙwarai, babu kuskure ko na waƙafi. Kuma daga teburin da aka rubuta takardar hana ka shiga ginin, wata bakwai da suka wuce, daga nan ta fito.

Ga wanda bai san ni ba: ni injiniya ce, ɗalibar digiri na uku, kuma shekara biyar na yi ina zaune a gefen hagun marigayin a ɗakin gwaji. Shi ya san jikin ɗan Adam, ni na san waya da kwamfuta. Abin da muke ginawa ba shi da wuyar bayani. A tiyatar zamani, sau da yawa ba a buɗe ciki. Ana yin ƙananan huji uku ko huɗu, a zura kyamara da dogon hantsaki, likita yana kallon allo yana aiki. Maras lafiya yana warkewa da wuri, amma likita ya yi asarar abu ɗaya: ba ya jin abin da ya kama. Hanji da jijiya da kitse duk ɗaya ne a hannunsa, ƙarfe ne kawai. Mu kuma muka sa ɗan ma'auni a bakin hantsakin, bai kai ƙwayar shinkafa ba, muka sa ɗan inji a mariƙinsa. In likita ya kama abu mai tauri, mariƙin ya turje masa. In ya kama mai laushi, ya sakar masa. In kuwa ya matse fiye da yadda naman zai iya ɗauka, sai mariƙin ya fara karkarwa a tafin hannunsa, kamar yana cewa: ya isa haka.

Kai ka fi kowa sanin darajar wannan jin, Malam, domin naka aka ɗauke. Ciwon suga ya cinye maka jijiyoyin yatsu a hankali. Ka ba ni labarin ranar da ka gane. Ka ɗaure zare a cikin wani maras lafiya, sai ka ji bakinka yana tambayar nas ɗin da ke gefenka, “Ya ɗauru?” Shekara talatin ba ka taɓa tambayar kowa wannan ba. Ka ƙarasa aikin lafiya, ka wanke hannu, ka hau sama ka rubuta cewa ka bar ɗakin tiyata. Babu wanda ya lura da komai. Da ka so, da ka ƙara shekara biyar kana yanka mutane da suna da kwarjini, yadda wasu suke yi har gobe. Kai kuwa ka ce hannun da ba ya ji ba shi da hurumin shiga cikin ɗan wani.

Sai ka koma neman hanyar zuba abin da yatsunka suka sani a cikin ƙarfe, kafin ƙwaƙwalwarka ma ta manta.

Ranar da na fara aiki da kai na same ka ka ɗora mariƙin hantsaki a leɓenka na ƙasa, idanunka a rufe. Na ɗauka na shigo wurin da bai dace ba. Ka buɗe ido ɗaya ka ce, “Shigo, Injiniya. Ba soyayya muke yi ba, aiki ne.” Daga baya ka bayyana mini cewa leɓe ya fi yatsa ji, kuma suga bai kai can ba tukuna. Ni ce mai matse hantsakin, kai kana sauraron karkarwar da leɓe. “Ƙara kaɗan. Ƙara. Tsaya, kin kashe shi.” Ɗalibai suna leƙowa ta gilashin ƙofa suna dariya, wai tsoho yana sumbatar ƙarfe. Ka sani, kuma ba ka taɓa sa labule ba.

Sunan Mai Ƙwai kuwa daga wani ɗan gwangwani ya samo asali, mai auduga a ciki, wanda kake zuwa da shi kowace safiya ɗauke da ƙwai biyu. Dokarka ce: ba a fitar da hantsaki daga ɗakin gwaji sai an fasa ƙwai a faranti, an ɗauki gwaiduwar da shi ɗanya, an ɗaga ta sama, an ajiye ta a wani farantin ba ta fashe ba. In ta fashe, hantsakin ba ya zuwa ko'ina ranar. A makona na farko na fasa goma sha ɗaya. Na tsaya ina kallon ɓarnar kamar in nutse, sai ka miƙo mini tsumma ka ce, “Goge ki sake. Gara a nan. A nan ƙwai ne kawai ke mutuwa.” Waɗanda ba su fashe ba Iya mai share ɗakin ce ke kwashewa. Takan ce tunda ta fara aiki ba ta ga ilimin da ya amfane ta kai tsaye kamar naka ba.

Ba zan iya lissafa alherinka ba, kuma ba ka son a lissafa. Amma akwai wanda ba zan bari ya bi ka kabari ba. Lokacin da na haihu, aka fara maganar a ba wani gurbina, tunda mai jego ba ta da lokacin bincike. Ba ka yi gardama da kowa ba. Ka sa aka loda kwamfuta da hantsaki biyu a motarka, ka kawo su falona, kuma wata uku kana zuwa da gwangwaninka muna gwaji a teburin cin abinci, mijina yana soya abin da ya tsira. Ranar da aka miƙa maka jaririyar, na ga ka shafa kumatunta da yatsa, sannan ka sunkuya ka taɓa goshinta da leɓenka. Ka ce, “To, yanzu na ji ta.” Na shiga ɗaki na daɗe ban fito ba.

Ba ka iya ɓalla maɓallin rigarka, Hajiya ce ke ɓalla maka kowace safiya. Sau nawa ka ƙona yatsa da kofin shayi ba ka sani ba sai ka ga tabon. Duk wannan kai ka fara yi wa kanka dariya a kai kafin wani ya yi. Ban san za a zo ranar da za a ɗauki wannan lalurar a mayar da ita wuƙa ba.

Yanzu zan zo kan lambar.

A kwamfutar akwai wurin da ake saita lokacin da mariƙin zai fara karkarwa, daga ɗaya zuwa goma. Shekara huɗu muka yi muna neman inda ya dace, da gwaiduwa, da jiƙaƙƙiyar takarda, da hanjin tumaki da nake ɗaukowa daga mahauta a cikin ƙanƙara. Muka tsaya a huɗu. Hanjin lafiyayyen saurayi yana iya jure takwas ko tara. Amma na wanda ya daɗe yana ciwo, ko ya sha wasu magunguna, yana yagewa tun daga shida. Ka ce ba don lafiyayyu muke aiki ba. An gwada hantsakin a tiyata arba'in da ɗaya, babu wanda ya samu ko ƙwarzane.

Sai Farfesa ya zama shugaban sashe. Zan yi masa adalci, domin kai ka koya mini: yana da kyakkyawar murya, yana iya jawabi ba takarda, kuma ban taɓa ganin farar rigarsa da tabo ba. Abu na farko da ya yi shi ne soke gwajin ƙwai. Ya ce wannan ɗakin bincike ne, ba kicin ba, kuma baƙi suna zuwa suna jin ƙarni. Ka yi magana sau ɗaya, aka ce an ji. Abu na biyu, ya gayyaci masu ɗaukar bidiyo don a nuna wa duniya abin da sashensa ya ƙirƙira, da hannunsa a kan mariƙin.

A nan aka samu matsala. Farfesa yana riƙe hantsaki yadda ake riƙe murfin kwalbar da ta ƙi buɗuwa. Da ya kama, sai mariƙin ya hau karkarwa, wato yana yin aikinsa. A bidiyon kuwa sai ya zama kamar hannun Farfesa ne ke rawa. Ranar Juma'a da rana, ba ka nan, ka je asibitin ido. Sai ga saƙon murya a wayata, daƙiƙa ashirin da uku:

“Ƙanwata, wannan rawar da abin nan yake yi ta yi yawa, tana mayar da ni kamar wani mashayi a hoto. Ki kai mini shi tara kafin masu kyamara su dawo. Ba sai kin dami tsohon ba.”

Na kai shi tara. Yatsana ne ya danna, wannan da nake rubutu da shi yanzu, wanda ke jin komai lafiya lau. Kuma da sunanka na shiga kwamfutar, domin dukkanmu da shi muke shiga. Kai kaɗai aka yi wa rajista tun farko, kalmar sirrin kuma tana rubuce a 'yar takarda da ka manna a ƙasan allo saboda mantuwa. Bidiyon ya yi kyau. Hannun Farfesa ya tsaya cak kamar na gunki. Na ce a raina zan mayar da lambar ranar Litinin da safe.

Ranar Litinin da safe hantsakin yana ɗakin tiyata. Daga wurin bidiyon aka wuce da shi wurin tafasa kayan aiki, kuma babu sauran gwajin ƙwai da zai tare shi a ƙofa. Likitan da ya yi aikin ɗalibinka ne, mutum mai kula, kai ka koya masa ya amince da mariƙin: ka ci gaba a hankali har sai ya yi maka magana. Ya ci gaba a hankali. Mariƙin bai yi magana ba.

Maras lafiyar wata mai ɗinki ce, uwar yara uku, ta zo a cire mata matsarmama ta koma gida bayan kwana biyu. Hanjinta ya huje a wuri biyu. Mako tara ta yi a kwance, aka sake buɗe ta sau uku. Tana raye, alhamdu lillahi, amma har yau ba ta iya zaman awa ɗaya a kan keken ɗinkinta.

Aka kafa kwamiti. Kwamiti ya buɗe kwamfuta, kwamfuta ta ce ranar Juma'a, ƙarfe uku da minti goma sha biyu, an canza huɗu zuwa tara, da sunan Malam. Babu wanda ya tambayi inda kake a wannan lokacin, kai kuma ba ka faɗa ba. Ina zaune a layin baya lokacin da Farfesa ya miƙe. Bai zarge ka ba, Allah ya kiyaye, ai shi ɗan halak ne. Cewa ya yi, da murya mai rauni, “Don Allah kada mu tsananta wa dattijon. Ba mugunta ba ce, tsufa ne. Mutumin da ba ya jin yatsunsa, ta yaya zai san abin da ya danna?” Wasu har da gyaɗa kai don tausayi. Na kalle ka. Hannayenka suna kan gwiwarka, kana kallonsu kamar baƙin da suka biyo ka daga waje.

Aka kulle hantsakin a kabad, aka soke katinka na shiga ginin. Washegari ka zo ɗaukar littattafanka, sai mai gadin ƙofa, wanda ka taɓa yi wa aikin ƙaba da hannunka, ya tare ka yana hawaye yana cewa umarni ne. Kai ka riƙa ba shi haƙuri.

A wannan makon na zo gidanka da wayata. Na kunna maka saƙon. Ka saurara har ƙarshe, ka ce in sake, na sake.

Ka ce, “Ai na san ba aljani ne ya danna ba. Saura wata nawa ki kare digirinki?”

Na ce, “Tara.”

“Wa zai sa hannu?”

“Shi.”

“To mayar da wayarki jaka.”

Na ce, “Malam, sunanka fa.”

Ka ce, “Sunana tsohuwar riga ce, na more ta. Ke naki ko ɗinka shi ba a gama ba. In kika faɗa, shi zai ce shawara ya bayar, ke kika danna. Ya zauna a kujerarsa, ke ki koma gida, hantsakin ya ruɓe a kabad don babu wanda ya san cikinsa sai ke. Muddin ina numfashi ba za ki kunna wa kowa wannan ba. Ki ce kin yi alkawari.”

Na yi alkawari. Kuma tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, bari in faɗi wadda ta fi ɗaci: alkawarin ya yi mini daɗi. Na fito daga gidanka da sauƙi a ƙirji, ina gaya wa kaina biyayya nake yi. Wata bakwai ina gaishe da Farfesa a baranda, ina cewa ranka ya daɗe, yana tambayata ya jikin tsohon namu. Na yi karatu mai yawa, Malam, amma ban san tsoro yana iya sa rigar ladabi ta zauna masa daidai haka ba.

Kai kuwa a wata bakwai ɗin nan me ka yi? Sai bayan rasuwarka Hajiya ta gaya mini. Ka nemi gidan mai ɗinkin ka je. Da ta gane ko kai wane ne, ta wanke ka tas a gaban maƙwabta, ta ce tsohon banza mai mataccen hannu, Allah ya isa tsakaninta da kai. Ka tsaya ka ji duka, ka ce ta yi gaskiya, an cuce ta. Mako na gaba ka koma da riga biyu, wai a cire maɓallan a sa masu mannewa, aikin da za ta iya yi daga kwance. Haka ka riƙa kai mata riguna bibbiyu har suka ƙare, ka fara kai na 'ya'yanka. Kana duba mata ciwon, kana rubuta wa likitocinta abin da ka gani. Daga baya ta daina zagi, ta koma kiran ka Baba. Ta ce ta yafe maka. Ka karɓi yafiyar laifin da ba naka ba, ka yi godiya.

Wannan ne abin da na kasa haɗiyewa. Matar nan ta zo gaisuwa da sandarta, ta zauna kusa da ni tana kuka tana cewa, “Ya yi kuskure, amma mutumin kirki ne.” Ni da na yi kuskuren ina miƙa mata ruwa.

Farfesa ma ya zo. Ya zauna a gaba, inda kowa zai gan shi, da farin hankici. Ya ce kai uba ne gare shi. Ya ce yana tunanin a sa wa ɗakin gwajin sunanka, amma sai rahoton kwamiti ya fito, ƙura ta lafa. Da zai tafi ya kama hannun babban ɗanka ya girgiza, har yaron ya yamutsa fuska. Hajiya tana daga ciki tana gani. Da ya fita ta ce a hankali, “Wannan ko gaisuwa ba ya iya yi sai ya matse.”

Sannan ta kira ni ɗaki, ta buɗe durowa, ta ɗauko gwangwanin. Audugar tana nan, ta ɗan yi rawaya.

Ta ce, “'Yata, shekara arba'in da uku ina ɓalla wa mutumin nan riga, tun yana iyawa da kansa. Kina tsammani akwai abin da zai ɓoye mini? Ranar Juma'ar nan ni na raka shi asibitin ido, an ɗiga masa magani ko lambar mota ba ya gani. Ya ce in yi shiru, na yi. Ke me ya ce miki?”

Na ce, “Ya ce muddin yana numfashi.”

Ta ɗora mini gwangwanin a hannu, ta rufe yatsuna a kansa. Ta ce, “To, ai ya daina.”

Saboda haka, ranka ya daɗe Farfesa, sauran wannan rubutun naka ne. Na san za ka karanta, domin ba ka barin duk abin da aka rubuta game da sashenka. Ban ambaci sunanka ba. Ba don kunya ba ne, ba na dai so ya zauna a shafi ɗaya da na Malam.

Ranar Alhamis, ashirin da bakwai ga wata, ƙarfe goma na safe, kwamiti zai yi zamansa na ƙarshe don amincewa da rahoton da zai ce marigayi ne ya jawo abin da ya faru. Na rubuta ina neman a ba ni minti goma, an kuma ba ni. Zan fara da kaina: ni na danna, ni na ce sai Litinin, ni na yi shiru. Sannan zan kunna daƙiƙa ashirin da uku na muryarka mai daɗi. Kada ka wahalar da kanka kan wayata, saƙon yana wurare biyar, ɗaya a hannun lauya. Hajiya za ta zo da katin asibitin ido. Mai ɗinkin ma za ta zo. Na je na gaya mata komai jiya, ta kalle ni kallon da na cancanta, ta ce a ajiye mata kujera a gaba.

Bayan haka zan roƙi a buɗe kabad. Zan ajiye hantsaki biyu a teburin, ɗaya a kan huɗu, ɗaya a kan tara, ba zan faɗi wanne ne wanne ba. Zan fasa ƙwai biyu. Tunda ka shaida wa kwamiti cewa wanda ba ya jin yatsunsa ne kaɗai zai yi irin wannan kuskure, kai da naka ke ji sarai, sai ka ɗaga mana gwaiduwar. Da hantsaki ɗaya, hannunka zai yi rawa a gaban mutane, gwaiduwar ta tsira. Da ɗaya hantsakin kuwa, hannunka zai tsaya cak, kamar a bidiyo. Ina ba ka shawara kada ka sa farar rigar nan.

Kana iya ƙin ɗauka. Wannan ma amsa ce, kuma za a rubuta ta.

Masu ƙaunata sun yi ta kira. Sun ce saura wata biyu in kare digirina, in bari in karɓi takardata tukuna. Sun ce ƙwai ba ya karo da dutse. Gaskiyarsu. Na san ba za a sa mini hannu ba, wataƙila ma a kore ni, kuma in an kore ni ba a zalunce ni ba. Amma in na jira wata biyu, rahoton ya riga ya shiga kundi da sunan Malam a ciki, jikokinsa tara su tashi su same shi. Ƙwai yana fashewa a jikin dutse, haka ne, sai dai dutsen ba ya tashi da tsabta.

Sun kuma ce marigayi ya yafe, in bar wa Allah. Malam ya yafe nasa, kuma ya fi ni. Ni ban yafe ba. Ban yafe maganar yatsun ba. Ban yafe hawayen mai gadi ba. Ban yafe hankicin ba. Hisabin lahira na bar wa Mai shi, ba na shiga. Amma na ranar Alhamis a hannun mutane yake, kuma ina so in ga fuskarka lokacin da muryarka za ta cika ɗakin tana cewa ba sai an dami tsohon ba. Ba a dame shi ba, ranka ya daɗe. Ya kwanta. Ni ce na rage.

Malam, ka yi haƙuri. Na san da kana nan da ka ce, “Injiniya, kin matse da yawa.” Wataƙila. Amma ban karya alkawari ba, wa'adinsa ne ya cika. Kuma abin da ka fi damuwa da shi zan roƙa a ƙarshe: a fito da hantsakin, a mayar da shi huɗu, a dawo da gwajin ƙwai a rubuce cikin doka, ko da ba ni ce zan riƙa fasawa ba.

Ya Allah, ga bawanKa ya zo Maka da hannayen da suka daina ji tun yana duniya, bayan sun yi shekara talatin suna ɗinke bayinKa. Ka jiƙansa, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa makwanci, Ka haskaka shi. Ka sa ciwon da ya ɗauka da ƙazafin da ya haɗiye su zama kaffara gare shi. Ka ba shi littafinsa a hannun dama, Ka mayar masa da jin yatsunsa ya ji shi da kyau. Ka ba mai ɗinkin lafiya, Ka saka mata. Ni kuma Ka yafe mini shirun da na yi, Ka tsayar da muryata ranar da zan daina shi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya, uwa kuma abokiyar sirrinsa, da 'ya'yansa huɗu da jikokinsa, da ɗalibansa da ke warwatse a ɗakunan tiyata suna aiki da abin da ya koya musu, da Iya mai shara, da mai gadin ƙofa. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa, ya sa in tamu ta zo mu cika da imani.

Gwangwanin yana kan teburina, Malam. Na canza audugar. Ranar Alhamis da safe zan tsaya a hanya in sayi biyu.